Hayaƙin Salansa: A Bincika Kafin A Sauke Inji

 Duk wanda ya saba tsayawa a bakin titin Kachia da sassafe a nan Unguwar Boro, ko yana jiran motar Sabon Tasha ko kuwa yana raka 'yan makaranta, ya san irin hayaƙin da tsofaffin motoci ke bari a bayansu. Wata ta bar baƙi, wata fari, wata kuma shuɗi-shuɗi mai ƙaurin man da ya ƙone. Mu masu tafiya a ƙasa iyakarmu mu toshe hanci mu kau da kai. Amma ga mai motar, wannan hayaƙi alama ce ta ciwon da ke cikin inji, kuma in bai san fassararta ba, zai yi ta zuba kuɗi inda ba nan ciwon yake ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne wani al'amari da ya faru a gidan maƙwabtanmu a ƙarshen shekarar 2023, wanda saura ƙiris ya ɓata zumunci. Wata baiwar Allah ce mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da mota ɗaya, irin masu kujera bakwai ɗin nan 'yan Kwatano, mai injin fetur da turbo. Ƙanin marigayin ne ke jan ta, yana lodi a tashar Television zuwa Kafanchan, kullum da yamma ya kawo mata balas. Da wannan balas ake cefane, da shi ake biyan kuɗin makaranta.

Cikin watan Nuwamba motar ta fara hayaƙi. Baƙin mai da a da yakan kai lokacin juye ba a ƙara ba, sai ga shi duk bayan kwana huɗu ko biyar sai an ƙara lita guda. Fasinjoji suka fara gudun motar a tasha. Bakanike na farko ko bonet bai buɗe da kyau ba, ya ce ringi ne, sai an sauke inji. Na biyu ya ce a'a, turbo ne. Da yake kuɗin turbo bai kai na sauke inji ba, sai matar ta kwashe abin da ta tara na zangon karatu na biyu, aka sayo wani turbo na hannu aka ɗaura. Mako biyu ba su cika ba hayaƙi ya dawo, har ma ya fi na da.

Nan fa zargi ya shigo gida. Ita tana ganin ƙanin mijinta ya haɗa baki da bakanike ana cin kuɗin marayu. Shi kuma yana cewa, "Yaya, ni ma da motar nan nake ciyar da nawa iyalin, me zai sa in kashe ta?" Da magana ta iso gare mu a matsayin maƙwabta, muka ga babu amfanin rarrashi muddin ba a san gaskiyar ciwon motar ba. Don haka muka raka su wurin wani dattijon bakanike da ya yi shekaru yana aiki a masana'antar haɗa motoci ta Kakuri kafin ya buɗe garejinsa. Abin da muka gani a wurinsa, da abin da muka ƙara bincikowa daga baya, shi ne muke kawo muku.

MENE NE TURBO?

Mutanen Kaduna ba baƙin mota ba ne. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, kuma yawancin makanikanmu a kan 404 da 504 suka koyi aiki. Injunan fetur na waɗannan motoci ba su da turbo, saboda haka in suka yi shuɗin hayaƙi, wuraren zargi kaɗan ne: ko ringin fistin, ko robobin bawul. Wannan sabo ne ya sa har yau da an ga hayaƙi sai a ce ringi. To amma motocin Kwatano da suka cika titunanmu daga baya, irin su Sharan da Passat da Volvo da wasu Marsandi masu shan gas, da dama a cikinsu suna da turbo, kuma turbo ya ƙara wasu ƙofofin da mai zai iya bi ya shiga wuta.

Shi dai turbo ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, kuma a 1962 aka fara sayar da ƙananan motoci masu shi a Amurka. Aikinsa mai sauƙin fahimta ne. Fanka biyu ce a kan ƙarfe guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke tura ƙarin iska cikin silinda. Iska mai yawa da mai mai yawa su ke ba ƙaramin inji ƙarfin babba. Wannan ƙarfe yana iya juyawa fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, a kusa da hayaƙin da zafinsa kan kai digiri 900 a injin fetur.

Abin da ke hana shi narkewa shi ne baƙin man inji. Wani siririn bututu yana kawo man ta sama da ƙarfin famfo, ƙarfen ya riƙa yawo a kan man, sa'an nan man ya sauka ta wani bututu mai ɗan faɗi ya koma kwanon mai na ƙasan inji. A lura da kyau a nan, domin nan ne sirrin yake: babu famfon da ke mayar da man. Nauyinsa ne kawai ke gangarar da shi. Kuma abin da ke tsare man a gefen fankokin ba roba ba ce, wasu 'yan zobba ne na ƙarfe masu kama da ringin fistin, waɗanda ba a yi su don su tare man da ya taru ba. Saboda haka duk abin da ya hana man sauka, zai sa lafiyayyen turbo ya yi yoyo kamar lalatacce.

LAUNIN HAYAƘI

Dattijon nan, wanda kowa ke kira Baba, bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da direban a kan benci ya yi masa tambayoyi. Ta farko ita ce, wane launi ne?

Baƙin hayaƙi na nufin fetur ko gas ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan. Sau da yawa filtar iska ce ta toshe, ko nozul ya lalace, ko tiyon iskar turbo ya fashe. Wannan ba shan baƙin mai ba ne.

Farin hayaƙi iri biyu ne. Akwai siririn tururi da ke fita da safe lokacin sanyi, ya ɓace da inji ya ɗumama. Wannan ba ciwo ba ne. Akwai kuma fari mai kauri da ba ya yankewa, ga ruwan lagireto na raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, ga inji na zafi. Wannan ruwa ne ke shiga silinda, yawanci ta gaskit ɗin saman inji. Wani lokaci za a ga man ya koma kamar shayi da madara. A motar gas kuwa, farin hayaƙi mai yaji a ido kan zama gas ne da bai ƙone ba.

Shuɗi ko toka-toka mai ƙauri, wanda ke daɗewa a iska, shi ne baƙin mai. Da rana tsaka yana iya yaudarar ido a ɗauka fari ne, don haka a haɗa da hanci, a kuma sa yatsa a bakin salansa bayan ta huce. Busasshen baƙi na fetur ne, mai maiƙo kuwa na baƙin mai ne.

YAUSHE YAKE FITA?

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci. In mota ta kwana, aka tayar da ita ta yi hayaƙi na 'yan daƙiƙoƙi ya wuce, to mafi yawa robobin bawul ne suka bushe, mai ya riƙa ɗiga cikin silinda da dare. Haka kuma in an gangaro tudu ba a taka totur ba, da aka taka a ƙasa sai ta yi aman hayaƙi sau ɗaya, nan ma bawul ake fara zargi, domin a lokacin gangara inji yana zuƙa da ƙarfi ta saman.

In kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne duk lokacin da aka ɗauki kaya ko ana hawan tudu, ga ƙarfi ya ragu, ga wahalar tashi, to ringi ya shiga zargi. Shi turbo yakan nuna kansa ta hanya biyu: ko bayan mota ta daɗe tana sulo a tasha ko a cunkoso, da an ja sai hayaƙi ya turnuƙe, ko kuma lokacin da aka taka totur sosai turbo ya fara turi. In ya ci ƙarfensa, sai a ji yana kuka kamar jiniya.

Direbanmu ya ce tasa ta fi yi in ya gama lodi zai fita daga tasha, da kuma in ya tsaya a shingen bincike. Kuka kuwa babu, ƙarfi ma bai ragu sosai ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗana, waɗannan alamu suna nuna hanya ne kawai, ba su yanke hukunci. Tashi mu auna."

YADDA AKA BI DIDDIGI

Da farko ya zaro gejin mai. Man ya wuce layin sama da kusan faɗin yatsa. Direban ya ce don tsoron kada ya ƙare a hanya yake cikawa har ya wuce. Baba ya nuna mana cewa a yawancin ƙananan motoci tsakanin layin ƙasa da na sama kimanin lita ɗaya ne, kuma in mai ya yi yawa yana iya rufe bakin bututun da turbo ke zubar da nasa, sa'an nan ƙarfen inji ya riƙa kaɗa shi yana kumfa. Wato maganin da direban ke yi yana ƙara ciwon.

Na biyu, ya duba ƙarƙashin mota da jikin inji ko akwai yoyo. Mota da yawa da ake cewa tana shan mai zubarwa take yi, wani lokaci ma a kan salansa mai zafi, ƙaurin ya shigo ciki. Wannan ba ta da yoyon kirki.

Na uku, ya kwance fulogi huɗun ya jera su a kan kwali bisa tsarin silindarsu. Dukkansu sun yi baƙi daidai wa daida, babu wanda ya fi wani jiƙewa. In da guda ɗaya ne ya jiƙe da mai, da an san ciwon na wannan silinda ne, ringi ko bawul. Tun da duka ne, to ta hanyar iska man ke shigowa, domin ita ce hanyar da suka yi tarayya a kai. In kuma fulogi suna da tsabta tas amma hayaƙi na fita, to man yana zuba ne kai tsaye cikin salansa ta bayan turbo, bai bi ta silinda ba.

Na huɗu, ya ɗauko agogon awon matsin silinda, ya ɗaura a ramin kowane fulogi aka murza makulli. Duka huɗun suka ba da lamba kusa da juna. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce kada bambanci tsakanin silinda ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. In aka sami wadda ta yi ƙasa, sai a zuba mata cokalin shayi ɗaya na mai a sake aunawa. In lambar ta tashi, ringi ne, in ba ta tashi ba, bawul ne ko gaskit. Wannan zuba mai na injin fetur ne kaɗai, ba a yi wa na gas, domin man na iya kamawa. Ya kuma yi mana gargaɗi cewa awon ba ya kama komai, don akwai ringin share mai da kan maƙale alhali matsi yana nan lafiya. Duk da haka, wannan awo na minti ashirin ya isa ya nuna babu hujjar sauke injin. Muka dubi fuskar matar, muka ga ta sauke ajiyar zuciya.

Na biyar, aka mayar da fulogi aka tayar da mota, ya sassauta murfin da ake zuba mai. Maimakon a ji ɗan zuƙa, sai murfin ya riƙa rawa, hayaƙi na bugowa. Kowane inji, ko sabo ne, yana da ɗan hayaƙin da ke tsallake ringi ya faɗa cikin kwanon mai, shi ya sa aka yi masa hanyar numfashi, wato wasu tiyo da ƙaramin bawul da ke mayar da wannan hayaƙi cikin hanyar iska. In ringi ya mutu hayaƙin yakan fi ƙarfin hanyar. In kuma hanyar ce ta toshe, ko da ringi lafiya, iska za ta taru ta riƙa tura mai sama. Da ya cire tiyon, sai ga shi cike da baƙin dasƙararren abu kamar kwalta.

Na shida, bayan inji ya huce, ya cire filtar iska. Ƙurar hunturu ta rufe ta har ba a ganin hasken rana ta cikinta. Turbo na neman iska, bai samu ba, sai ya zuƙo mai ta gefen zoben. Ya kwance tiyon da ke ƙarƙashin abin sanyaya iskar turbo, mai ya zubo kusan rabin kofi. Ɗan maiƙo a wannan wuri ba laifi ba ne a tsohuwar mota, amma taruwa haka alama ce.

Daga nan ya sa yatsa ya kama ƙarfen fankar. Ɗan motsi gefe da gefe dole ne, tun da a kan mai yake yawo, muddin fankar ba ta gogar bango. Motsin gaba da baya ne bai kamata a ji shi ba. Wannan turbo lafiyarsa lau. Sai ya kwance bututun da ke mayar da mai ƙasa, ya miƙa wa matar ya ce, "'Yata, leƙa ki gani da idonki." Ramin da ya kamata babban yatsa ya kusa shiga, ko fensir ba zai wuce ba saboda gawayin ƙonannen mai. Wanda ya ɗaura turbon ya mayar da tsohon bututun yadda yake, bai ko wanke ba.

Allah ya sa direban bai yar da tsohon turbon ba, yana cikin buhu a but. Da aka gwada shi, shi ma ƙarfensa bai yi wani sako-sako ba. Wato dai tun farko ba shi ne mai laifin ba.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Saura tambaya ɗaya: me ya kawo wannan gawayi? A nan ne direban ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa a gida ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya cinye ribar lodi. Don kada balas ya ragu 'yar'uwarsa ta shiga damuwa, sai ya daina sayen baƙin mai na galan mai hatimi, ya koma na awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Juye kuma maimakon a kan lokaci, sai ya riƙa ja, filtar mai ma sau ɗaya ya canja a wata shida. Bugu da ƙari, in ya iso tasha daga doguwar tafiya, nan take yake kashe mota don tsimin fetur.

Waɗannan abubuwa uku su ne manyan maƙiyan turbo. Man da ba a san asalinsa ba ba ya jure zafi. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwannin ƙasar nan, kuma abin takaici ne a ce mu da ke maƙwabtaka da matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, daga baya aka buɗe sashen da aka gina don man shafe inji, mu ne ke zuba wa motocinmu abin da ba mu san daga ina ya fito ba. Tsohon mai kuma yana kauri ya daskare. Kashe mota da zafinta yana tsayar da famfo, man da ya rage cikin turbo ya soyu ya zama gawayi, yau kaɗan gobe kaɗan har hanya ta toshe.

Ba cin amana ya yi ba, amma ɓoyewar da ya yi ta fi tsimin da ya yi tsada. Ita ma ta amsa cewa ta yi saurin zargi, kuma ta yi saurin fitar da kuɗi ba tare da ta nemi a nuna mata shaidar ciwon ba.

Aikin da aka yi bai kai na kwana biyu ba. An sa sabon bututun kawo mai da na mayarwa, an canja tiyo da bawul na numfashi, an sauke kwanon mai an wanke shi tare da rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki, an wanke abin sanyaya iska da tiyonsa, an sa sabuwar filtar iska da ta mai, aka zuba mai na hatimi daidai layi. Baba ya ce kada su tsorata in hayaƙi bai ɗauke nan take ba, domin man da ya taru cikin salansa sai ya ƙone. Haka kuwa aka yi, a tafiya ta uku ya ɗauke. Abin da ya rage shi ne ɗan hayaƙin safe na robobin bawul, wanda ya ce zai iya jira har su farfaɗo.

GARGAƊI GA MASU MOTAR GAS

Akwai haɗarin da ya kamata duk mai jan motar gas mai turbo ya sani. Injin gas yana iya cin baƙin mai kamar yadda yake cin gas. In turbo ya zuba mai da yawa cikin hanyar iska, inji na iya kama gudu da kansa, hayaƙi ya rufe titi, ko an zare makulli ba zai mutu ba har sai ya shanye man ya fashe. In haka ta faru a mota mai giyar hannu, a taka birki sosai, a sa giya mafi girma, a saki kuloci don injin ya mutu. In ba ta yiwu ba, a toshe bakin iska da katako ko wani abu mai tauri, kada a kuskura a sa tafin hannu. In duk ya gagara, a fitar da fasinjoji a yi nisa. Saboda wannan ne ba a ɗaura sabon turbo a motar gas sai an wanke man da ya taru a hanyar iska.

Ban da aljihu, akwai lafiya. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Hayaƙin fetur kuma yana ɗauke da iskar nan mai kisa da ba ta da launi ko wari, don haka kada a bar mota na aiki a rufaffen wuri, kada kuma a kwana a ciki inji na aiki. Masu tallan gyaɗa da ruwa a tasha, da yaran da tsayinsu bai wuce bakin salansa da yawa ba, su suka fi shaƙa. Yawan hayaƙi yana cikin laifuffukan da jami'an kiyaye haɗurra na FRSC ke kama mota a kai. Sa'an nan ƙonannen mai yana toshe matacin hayaƙin da makanikai ke kira indomi, ƙarfin mota ya ragu, a shiga wani sabon kashe kuɗi.

ABIN DA ZA A RIƘE

Ga mai mota, ko da bai san sifana ba, akwai abin da zai iya yi da kansa. Ya ajiye mota a wuri mai daidai, ya auna mai da safe kafin a tayar, ya rubuta lambar kilomita, ya riƙa rubuta duk abin da aka ƙara. Littattafan wasu motoci suna ɗaukar rabin lita zuwa lita ɗaya a kilomita 1,000 a matsayin iyakar abin da za a lamunta, saboda haka lamba ce za ta nuna ko abin ya kai a damu. Ya sa wani ya bi motar a baya ya lura da launi da lokacin hayaƙin.

In an je gareji, a fara da mai araha kafin mai tsada: yawan mai, yoyo, filtar iska, hanyar numfashi, fulogi, awon matsi, bututun turbo, sa'an nan turbon kansa, sauke inji shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya ce ringi ne, a roƙe shi cikin ladabi ya auna a gaban mai mota. Duk wanda ya ce turbo ne, a tambaye shi me ya kashe shi, domin abin da ya kashe na farko zai kashe na biyu. A karɓi tsohon kayan da aka cire a tafi da shi gida.

A yi amfani da irin man da littafin motar ya ce. Yawancin injuna masu turbo an yi su ne don mai marar kauri sosai, irin 5W-40 ko 10W-40. Zuba mai kauri ko maganin kauri don ɓoye hayaƙi rufe ciwo ne da tsumma. Mai sayen mota ma ya kula da wannan dabara: ya je ya gan ta da safe tun ba a tayar ba, ya bar ta ta yi sulo minti goma, sa'an nan a taka totur yana tsaye a baya. A watannin hunturu a riƙa duba filtar iska kowane mako. Da safe a ba inji kamar rabin minti kafin a ja, a tafi a hankali har ya ɗumama. Bayan doguwar tafiya a bar shi ya yi sulo minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Fetur ɗin minti biyu bai kai kuɗin turbo ba. Man juye kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya.

Game da maƙwabtanmu, ba duk kuɗin ne ya dawo ba. An sayar da tsohon turbon a Panteka a kan abin da bai kai rabin kuɗin wanda aka saya ba, kuma babbar 'yar ta yi mako biyu a gida a watan Janairun 2024 kafin a kammala biyan kuɗin makarantarta. Amma motar ta koma layi kafin lodin Kirsimeti ya wuce. Yanzu akwai ƙaramin littafi a aljihun gaban motar, inda direban ke rubuta ranar juye da lambar kilomita, ita kuma matar ita ke zuwa da kanta ta sayo galan ɗin mai, a cire kuɗin daga balas kowa na gani.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya.